Malam Sha'aibu Mai Kafireta da Silin Wayar Dogo

A bakin tashar motar Gumel, ta gefen da motocin Maigatari ke lodi, akwai wata darbejiya wadda ƙasar gindinta ta yi baƙi ƙirin saboda man da ta daɗe tana sha. A nan Malam Sha'aibu yake zama tun shekara talatin da 'yan kai, bisa wani guntun benci, da farantin silba a gabansa da ƙaramin akwatin ƙarfe a gefen ƙafarsa. Sana'arsa gyaran kafireta, wato ma'aunin nan da yake gauraya fetur da iska kafin ya shayar da injin mota.

Asalinsa mutumin Gagarawa ne, ɗan gidan manoma gero da riɗi. Ya yi sauka tun yana matashi, ya kuma karanci abin da ya sawwaƙa na fiƙihu a wani zaure a Gumel, domin burin mahaifinsa shi ne ya ga ya zama malami. Sai dai farin da ya kori mutane daga gonakinsu a waɗancan shekaru bai bar gidansu ba, dole ta sa ya naɗe buzu ya shiga gareji, a zamanin da motar Fijo ke mulkin hanya. Ilmin bai rabu da shi ba, binsa ya yi har cikin sana'ar. Ya ɗauki kafireta a matsayin mizani, yana cewa aikinta tsayar da adalci ne tsakanin mai da iska: in mai ya rinjaya an yi almubazzaranci, in iska ta rinjaya an zalunci inji.

Yana da hanyar aikinsa wadda ba ya saɓa mata. In an kawo mota, ba ya ɗaukar ƙarfe sai ya sa an tashe ta ya saurara, idonsa a rufe. Sa'an nan ya zagaya baya ya tara tafin hannu a bakin salansa ya shinshina. Daga ƙarshe ya kwance fulogi ɗaya, ɗan ƙarfen nan mai ba inji wuta, ya duba launin bakinsa, domin a wurinsa fulogi shaida ne wanda ba ya karɓar toshiyar baki. In ya yi baƙi da kunkunniya, mota na zuƙar mai fiye da haƙƙinta. In ya yi fari fat kamar alli, yunwa take ji. In kuwa ya yi launin soyayyiyar gyaɗa, to mizani ya daidaita, sai ya ce wa mai motar ya nemi ciwonta a wani wuri.

Direbobi sun haddace nasiharsa har suna kwaikwayon muryarsa a bayan idonsa. Kada a zuba man jarka, wadda 'yan ƙetaren iyaka ke kira bido, sai an tace shi da tsumma mai tsabta. In filtar mai ta toshe a sauya ta, kada a huda ta da ƙusa. A riƙa kakkaɓe matatar iska, musamman masu bin yashin ƙauyukan Sule Tankarkar. Kada a bari tanki ya ƙafe har ƙasa, inda tsatsa da ruwa ke kwance. Taya kuma in ta yi laushi, ita ma mai take sha, ko da yake ba ta da baki. Sun ji sun gaji, amma motocinsu suna tafiya.

Akwai wani abu da ya fi sana'ar daraja a wurinsa, ko da yake bai taɓa furta hakan ba. A cikin tashar akwai ɗan masallaci na rumfar kwano wanda ba shi da naɗaɗɗen liman. Al'adar wurin ita ce in an tayar da iƙama sai jama'a su tura wanda suka fi amincewa da amanarsa. Shekara ashirin cur, in dai Malam Sha'aibu yana nan, ba a duban kowa. Yakan goge hannunsa da toka da sabulu har sau uku kafin alwala, ya shiga gaba da ɗan ɗigon baƙin mai a bakin hannun rigarsa, direbobi da kanikawa da masu dako su jeru a bayansa.

Haka al'amarin yake har shekarar da aka janye tallafin mai. Cikin 'yan makonni farashin fetur ya ninka har uku, fasinja ya yi ƙaranci, direba ya koma kallon allurar tanki fiye da yadda yake kallon hanya. Da yawa suka daina zuba mai a tanki ɗungurungum, suka rataya galan a gaban mota da tiyon da ya zarce kai tsaye zuwa kafireta, domin su riƙa ganin kowane ɗigo da idonsu. Suka yi ta zuwa gindin darbejiya suna roƙon Malam ya rage wa motocinsu ci. Shi kuwa ya wanke, ya daidaita, ya toshe inda ke yoyo, ya ce abin da ya rage haƙƙin inji ne, ba ya da ikon tauye shi.

Da kaka ta yi, sai wani bakanike da ake kira Dogo ya kafa rumfa a ɗaya gefen tashar. Babu wanda ya san takamaiman inda ya koyo aiki. Dabararsa kuwa mai sauƙi ce. A cikin kafireta akwai wani ɗan bututun tagulla mai huda kamar ta allura, wanda kanikawa ke kira jet, ta nan fetur ke bi. Sai Dogo ya fere wayar lantarki, ya zare sili ɗaya siriri, ya zura a cikin hudar ya lanƙwashe bakinsa. Hanya ta ƙuntata, mai ya ragu. Kafin ruwan shayi ya huce an gama.

Wanda ya fara ɗaga sunan Dogo shi ne Ubale, ciyaman ɗin direbobin tashar, mai wata farar bas da ke jigilar 'yan kasuwa tsakanin Gumel da Maigatari. Mutum ne mai ƙaton jiki da ƙatuwar murya, wanda bai saba a mayar masa da magana ba. Shekara goma sha bakwai Malam Sha'aibu ne ke duba masa mota. Wata safiya ya dawo daga Maigatari, ya sauko da galan ɗinsa a hannu, ya tsaya a teburin mai shayi inda direbobi suka fi taruwa, ya ɗaga shi sama yana girgizawa domin kowa ya ji sauran man da ya dawo da shi. Ya ce da can galan ɗin nan ƙaf yake ƙarewa kafin ya shigo gari.

Malam Sha'aibu ya ji hayaniyar, ya taso da sandarsa ta ƙarfe. Ya nemi a ba shi fulogi ɗaya daga bas ɗin, aka kwance aka ba shi. Ya juya shi a rana, ya ga bakinsa ya fara fari. A gaban mutum wajen arba'in ya yi bayani a natse: cewa injin da aka hana wa mai yakan yi zafi daga ciki, cewa sanyin da ake ciki ne ke rufa asirin, cewa in bazara ta zo da lodi mai nauyi, abin da aka tsimi a galan za a biya shi da ƙarfen inji. Ya ce a cire wayar tun da sauran lokaci.

Ubale ya bari har ya kai aya, sa'an nan ya yi dariya. Bai kira shi Malam ba a wannan rana.

"Sha'aibu, ai dole ka ce haka. Mijin 'yarka ba mai yake sayarwa a Maigatari ba? Kai ka buɗe wa motocinmu maƙogwaro a nan, shi ya ɗura musu a can. Shekara nawa kuna cinmu, kai da surukinka? Mu kuma muna binka salla."

Gaskiya ne 'yarsa Khairiyya tana auren wani mai suna Abdulbaqi, mai sayar da fetur a jarka kusa da kasuwar Maigatari. Wannan guntuwar gaskiyar ce ta ba ƙaryar ƙafafun tafiya. Mutanen da yunwa ta matsa suna neman wanda za su ɗora wa laifi, sai ga shi an nuna musu shi da yatsa. Wani ya ce dama ya daɗe yana zargi. Wani ya ce ai shi ya sa ake ta hana su huda filta. Malam Sha'aibu ya ajiye fulogin a kan teburin mai shayi, ya koma gindin bishiyarsa.

Da azahar ya wanke hannu kamar kullum. Aka tayar da iƙama, ya taka zai shiga gaba, sai Ubale ya miƙa hannu ya tare hanya, ya ce ba ya bin maha'inci, ya tura wani dattijon mai dako. Malam Sha'aibu ya duba sahun farko, ya ga mutanen da ya raɗa wa 'ya'yansu suna, kowa ya sunkuyar da kai yana gyara tsayuwar ƙafa. Ya ja da baya har sahun ƙarshe, ya yi sallarsa a bakin takalma. Daga ranar ya koma salla a masallacin unguwa, bayan Malam Habibullah, tsohon abokin karatunsa na zaure.

Maganar ta riga shi isa Maigatari. Direbobin Gumel suka ƙaurace wa jarkokin Abdulbaqi, 'yan acaɓa suka bi sahunsu. Khairiyya ta zo gida ranar wata Juma'a idanunta jajur, ta ce mata a gidan suna sun tambaye ta ko da kuɗin maƙogwaron mota aka yi mata gado da katifa. Uban ya saurare ta har ta gama. Mai ɗakinsa ta ce a bar wa Allah. Ya amsa cewa ya bar wa Allah hukunci, amma bai yafe ba, kuma kada wanda ya sake roƙonsa ya yafe a cikin gidan nan. Bai yi rantsuwa ba, domin ya san nauyinta. Ƙudurta abin ya yi a zuciya, ya ɗaure shi tamau.

Wata huɗu farantinsa yana bushe. Duk da haka bai fasa fitowa ba ko rana ɗaya. Yakan share gindin darbejiya, ya jera kayan aikinsa, ya zauna da carbi, yana fuskantar ƙofar da motoci ke fita. Masu wucewa suna zaton tsufa ne da rashin abin yi. Alhali kuwa sauraro yake. Ya san kowace mota a tashar da muryarta kamar yadda makiyayi ya san kukan shanunsa, yana kuwa jin yadda muryoyin ke dusashewa mako bayan mako. Wannan ta fara atishawa ta kafireta in an taka totur. Waccan ta fara wata 'yar ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Duk wadda ya ji, sai ya matsar da ƙwayar carbi ɗaya, kuma ba tasbihi yake ƙirgawa ba. Ya san haka, ya kuma san bai dace ba, amma daɗin da yake ji a ƙirjinsa ya fi ƙarfin saninsa.

Bazara ta shigo da zafinta na ƙasar Gumel, wanda yake narkar da kwalta. Wanda ya fara dawowa shi ne Ya'u, direban hanyar Sule Tankarkar, mutum mai barkwanci wanda yake cikin waɗanda suka sunkuyar da kai a sahun farko. Ya turo motarsa da taimakon fasinjoji, ruwan lagireto yana tafasa, ya durƙusa nesa kaɗan ya cire hula. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya har da awaki. Malam ya amsa kowace a taƙaice. Daga nan Ya'u ya koka cewa motar ta rasa ƙarfi, ko ɗan yashi ta gani sai ya sa giya ta biyu ya danne totur har ƙasa, ga shi yanzu tana shan abin da ya fi na da, ga ruwa jarka biyu kullum kamar mai azumin da aka yi wa kiran magariba.

"Baba Malam, na tuba. In duka ne ga bayana, in zagi ne na riga na zagi kaina tun daga Sule Tankarkar."

Malam Sha'aibu ya kwance kafiretar, ya baje ta a faranti, ya wanke kowane ɗan ƙarfe da fetur mai tsabta. Da ɗan hantsaki ya zaro silin wayar daga cikin jet, ya hura hudar, ya ɗaga ta ya leƙa rana ta ciki. Ya mayar, ya daidaita, aka tayar da mota ta ɗauka sumul. Da Ya'u ya sa hannu a aljihu, sai Malam ya ce akwai abin da ya fi so a kan wannan. Ya ɗora silin wayar a tafin hannun Ya'u ya naɗe masa yatsu a kai.

"Ka kai wa Ciyaman. Ba a gida ba, a teburin mai shayi, lokacin da mutane suka cika. Ka sa masa a hannu ka ce maha'inci yana gaishe shi."

Ya'u ya yi ta sosa ƙeya, ya ce wannan aike ya fi turin mota wuya. Malam ya ce in ya fi so a mayar da wayar inda aka ciro ta, ba zai ɗauki lokaci ba. Ya'u ya kai saƙo.

Wannan ya zama sharaɗi ga duk wanda ya dawo, kuma sun dawo, ɗaya bayan ɗaya, wasu a tuƙe wasu a jaye. Ba ya yi wa kowa gori, ba ya ƙin kowa. Ya gyara, ya miƙa sili, ya faɗi kalmomin nan ba ƙari ba ragi. Wata safiyar Ubale ya karɓi gaisuwar maha'inci har sau uku kafin ya shanye shayinsa. Da farko yana wurgi da wayoyin yana zagi. Daga baya mai shayi ya riƙa tsince su yana tarawa a wani gwangwanin madara, masu dako suka soma tambayar Ciyaman ko zai buɗe shagon lantarki ne. Dogo kuwa, da ya ga masu neman sa da fushi sun fi masu neman sa da aiki, sai aka wayi gari rumfarsa babu kowa.

Ubale bai sauko ba. Ya ce motocin da suka lalace dama tsofaffi ne, kuma gurɓataccen mai ne ya kashe su. Amma bas ɗinsa ita ma ta soma zafi, sai ya saci jiki ya kai ta Haɗejiya domin a cire wayar ba tare da Gumel ta sani ba. Bakaniken can ya buɗe kafireta ya duba, bai ga waya ba, ya ce lafiyarta ƙalau, ya wanke lagireto ya sallame shi. Ubale ya dawo yana bugun ƙirji, ya tona asirin tafiyar da bakinsa saboda murna: an buɗe motarsa a gaban idonsa, babu waya babu dalilinta, Dogo gyaran gaskiya ya yi masa, masu aiko masa da sili su nemi wani.

Ya'u ne ya kawo labarin gindin darbejiya. Malam Sha'aibu ya shiga nazari, domin kunnensa ya riga ya gaya masa cewa farar bas ɗin ta fi kowace mota a tashar yunwa, tun kafin azumi yake jin tsakuwar nan a cikinta. In babu waya, to akwai abin da ya fi waya. Can sai ya gane. Dogo ya girmama Ciyaman da aiki na musamman: ya toshe hudar jet da dalma gaba ɗaya, ya sake huda wata ƙarama da allura, ya goge bakin har ba a gane an taɓa. Wanda yake neman waya ba zai ga kome ba. Maganinta kuwa jet ɗaya ne, kuma akwai irinsa guda uku a cikin akwatin da ke gefen ƙafarsa.

Ya'u ya tambaye shi abin da ya sa yake murmushi. Ya ce babu kome, ya tuna wani karatu ne.

Daga ranar, duk safiya bas ɗin takan wuce ta gabansa da lodi har saman rufi, yana jin yadda ƙarfe ke cin ƙarfe a cikinta. Ubale ba ya dubansa, shi kuwa yana raka motar da ido har ta ɓace. Sau biyu zuciyarsa ta ce masa ya aika Ya'u da kalma ɗaya. Sau biyu ya tuna bakin takalman nan inda ya yi sujada, da idanun Khairiyya, sai ya gyara zama.

Ranar Alhamis ta ƙarshe kafin Babbar Salla, ranar da kasuwar Maigatari ke cika da raguna har ba wurin taka ƙafa, Ubale ya yi sawu biyu, ya koma na uku da rana tsaka. Ya cire kujerun baya ya cusa raguna, fatake suka matsu a gaba. A tsakiyar hanyar dawowa bas ɗin ta yi wata ƙara, ta fesa farin hayaƙi, ta tsaya. Fataken suka sauke dabbobinsu a rana suna tsine masa, suka tare wata motar. Da la'asar sakaliya aka shigo da farar bas Gumel a ɗaure da igiya a bayan motar Ya'u.

Kanikawan inji suka taru a kanta, kowa ya ce ba zai sa hannu ba sai an san abin da ya jawo, kuma mutum ɗaya ne zai iya sani. Bas ɗin ita ce gonar Ubale, ita ce rumbunsa, kuma a makon nan ake samun abin da ake ci har kaka. Ya kwana biyu yana ciccijewa. Ranar Asabar ya je wurin Malam Habibullah ya roƙe shi ya shiga tsakani.

Malam Habibullah ya zo gindin darbejiya ya zauna a ƙarshen benci. Ya yi magana mai taushi a kan falalar afuwa, musamman a kwanaki masu alfarma irin waɗannan. Malam Sha'aibu ya saurara cikin ladabi, sa'an nan ya ce shi ba ya neman kome sai abin da shari'a ta ba wanda aka yi wa ƙazafi: a inda aka ɓata, a nan za a gyara. Ubale ya tsaya a teburin mai shayi, a gaban jama'a, ya ƙaryata kansa, ya ambaci sunan Abdulbaqi ya wanke shi. In ya yi haka, zai buɗe kafiretar.

Washegari da hantsi tashar ta cika fiye da ranar kasuwa. Ubale ya tsaya a teburin mai shayi, rigarsa ta jiƙe da gumi, ya ce abin da ya faɗa a kan Malam Sha'aibu da surukinsa Abdulbaqi ƙarya ne, ba shi da hujja ko ɗaya, fushin tsadar mai ne ya ɗebe shi. Daidai lokacin wata babbar mota ta wuce tana ruri. Malam Sha'aibu ya jira ƙarar ta lafa, ya ce shi tsoho ne, kunnensa na mota ne ba na mutane ba, bai ji ba. Ubale ya maimaita daga farko, da muryar nan tasa da ake ji har bakin titi.

Sa'an nan Malam ya sa aka kawo farantinsa. Ya kwance kafiretar a gaban kowa, ya ciro jet ɗin, ya ciro wani daga akwatinsa, ya ba Ubale su biyun ya ce ya leƙa rana ta cikinsu. Ta ɗaya haske ya shigo sosai, ta ɗayan kuwa kamar ƙwayar gero. Ya kankare bakin da wuƙa, farar dalma ta bayyana a kan jan tagulla. Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Ya ɗaura sabon, ya wanke, ya daidaita, ya mayar da kome mazauninsa da natsuwar da ya saba, bai gaggauta ba, bai kuma rage kome ba. Ya ce a tayar.

Injin ya juya fayau, babu nauyi, kamar ana kaɗa ludayi a ƙwaryar da ba kome. Aka sake, haka. Malam ya kwance fulogi huɗun ya jera a faranti. Duka fari fat, na ukun kuwa bakinsa ya narke, da ɗigon farin ƙarfe manne a jikinsa. Ya sa aka haska ramin fulogin da tocila, babban bakaniken inji ya leƙa ya ɗago yana girgiza kai, ya ce fistin ya huje, kan injin ma ya tsage.

Malam Sha'aibu ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa.

"Kafiretarka ta warke, Ciyaman, babu irinta a tashar nan yau. Wanda za ta shayar ne ya riga ya rasu."

Ubale ya zauna a kan matakalar bas ɗin, ya riƙe jet ɗin dalma a hannu yana jujjuya shi.

Da aka kira azahar, Malam Sha'aibu ya nufi hanyar unguwa kamar yadda ya saba a watannin nan, sai Ya'u da dattijon nan mai dako suka sha gabansa, suka juyo da shi zuwa rumfar kwano. Aka tayar da iƙama, sahu ya buɗe masa. Ya tsaya a gaba, ya juyo ya ce a daidaita sahu, ya bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya ba tare da gaggawa ba, har idonsa ya kai kan Ubale a can gefe. Sa'an nan ya juya ya yi kabbara.

Bayan an sallame, Malam Habibullah, wanda ya tsaya ya ga ƙarshen al'amarin, ya rako shi gindin bishiya. Sai da suka zauna ya tambaye shi, da murya ƙasa-ƙasa, tun yaushe ya san ciwon motar. Malam Sha'aibu ya ce tun kafin azumi ya ji shi, bayan tafiyar Haɗejiya kuma ya san sunansa. Malam Habibullah ya sake tambayarsa ko a lokacin tana cetuwa. Ya ce ƙwarai, aikin rabin sa'a ne.

"To, Malam Sha'aibu, me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa, Malam. A gaban mutum arba'in na faɗa, da fulogi a hannuna. Ya ce ni maha'inci ne. Tare muka karanta babin shaida a zaure ɗaya, ka san maha'inci ba a karɓar shaidarsa. Na jira ne ya mayar mini da adalata, yau ya mayar, yau na ba da shaida."

Malam Habibullah ya dube shi. Ya ce wannan fatawa ce da ba zai so a tambaye shi ita a kabari ba. Malam Sha'aibu ya ce shi ma haka, kuma yana fatan Allah Ya ba shi ikon yin nadama kafin lokacin, amma ba zai yi wa abokinsa ƙarya ya ce ta zo ba.

Da yamma masu dako suka tura farar bas zuwa bayan tasha, inda ake ajiye motocin da aka fid da rai da su, suka sa mata duwatsu a ƙarƙashin taya. Daga inda bencin Malam Sha'aibu yake, kututturen darbejiya ya kare ta. Ya tashi, ya ja bencin taku uku zuwa gabas, ya matso da faranti da akwati, ya zauna ya duba. Daga nan ana ganinta sarai. A nan yake zama har yau.